Kafin ka cike fom ɗin katin bashi a waya, ka kula da waɗannan

Jama'a yanzu kana kwance a ɗaki zaka nemi katin bashi ko rance a waya, minti kaɗan an gama, to sauƙin nan har da ɓarawo aka yi wa, don abin da ake tambaya bai wuce BVN, NIN, ranar haihuwa, hoton fuska da lambar OTP da ke shigowa layinka ba. Duk wanda ya haɗa waɗannan zai ci bashi da sunanka, shi ya kashe kuɗin, kai kuma a zo ana binka. Ko kana cikin masu gudun katin bashi saboda riba maganar nan ta shafe ka, ai ba sai ka taɓa nema ba za a nema da sunanka.

Farko dai inda zaka cike fom ɗin. Dan Allah kar ka bi adireshin da aka turo a WhatsApp ko tallar Facebook mai cewa "an amince da katinka", shiga manhajar bankinka ta asali ko ka rubuta adireshin bankin da hannunka. Ɗan kwaɗon nan da ke saman shafi ba shaida bane, shafukan bogi ma suna da shi. In manhajar rance ce, hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye tana da jerin waɗanda ta yi wa rajista tun 2022, ka duba sunanta a ciki. Kuma tun 2023 Google ya hana irin manhajojin nan shiga lambobin waya da hotunan mutane, don haka duk wadda ta ce sai ka buɗe mata su, goge ta kawai.

Lambar sirrin ATM, lambobi ukun bayan kati da OTP kuwa babu ma'aikacin bankin da zai tambaye ka, ko da mai kiran ya faɗo cikakken sunanka da ranar haihuwarka daidai, kashe wayar ka kira lambar da ke jikin katinka.

Amma gaskiya inda aka fi sakaci shi ne sim. Wanda ya riƙe layin da ka yi rajista da shi, in ya danna *565*0# BVN ɗinka zai fito masa, OTP ma wajensa zai je, kaga an gama. Shi yasa nake roƙon kowa ya sa wa sim ɗinsa lambar sirri, ba wayar kaɗai ba, domin ɓarawo cire sim ɗin yake ya saka a ƙaramar waya, kullen fuskar wayarka bai dame shi ba. Waya ta ɓace, banki zaka fara kira su rufe akawun kafin ka tafi yin welkom bak, wato a dawo maka da layinka a sabon sim. Haka in sabis ya ɗauke maka kai kaɗai alhali na kusa da kai yana waya lafiya, kar ka bari ya kwana, je ofishin kamfanin layin. Tsohon layin da ka watsar ma sake sayar da shi ake yi, je banki a cire shi daga BVN ɗinka.

Sai masu zuwa kafe ko shagon POS a cike musu fom, ka tsaya a kan mai cikewar, a goge hoton takardar NIN daga kwamfutar a gabanka, ka kwashe har kwafin da ya lalace. Masu yawo suna sayen BVN da NIN da sunan tallafi ko ɗan kuɗin katin waya kuma, wallahi kar ka ba su, akawun ɗin da za a buɗe a yi damfara sunanka ne a jiki.

Bayan ka cike, ka riƙa duba rahoton bashinka, wato bayanin duk bashin da aka ci da sunanka. Kamfanoni uku ke ajiye shi a Najeriya, CRC Credit Bureau, FirstCentral da CreditRegistry, kuma dokar rahoton bashi ta 2017 ta ba ka damar karɓa kyauta sau ɗaya a shekara. In ka ga bashin da ba kai ka ci ba, rubuta ƙorafi ga wanda ya bada bashin da kamfanin rahoton, ka karɓi lambar ƙorafin ka ajiye, ka kai rahoto wajen 'yan sanda ko EFCC. In banki ne ya yi sati biyu bai warware ba, tura wa sashen kare haƙƙin kwastomomi na babban bankin Najeriya (CBN) haɗe da waccan lambar.