Yadda ake sa wa 'ya'yan tarwada gishiri ba tare da asara ba

Duk sabon mai kiwon kifi da ya same ni a Kawo yana kukan gishiri ya kashe masa tarwada, in na tambaye shi yadda ya zuba, amsar ɗaya ce: ya ɗebo da kwano ya watsa a tanki. Ni ma haka na yi a shekarata ta farko. Kafin la'asar rabin 'ya'yan kifin da aka kawo mini daga Ibadan sun juya ciki sama, abin ya daɗe yana ci mini rai.

Fara da sanin abin da ke faruwa a jikin tarwada. Jinin tarwada ya fi ruwan tanki gishiri, don haka ruwa na ta kutsawa cikinta ta jan naman nan na ƙarƙashin kumatu da take numfashi da shi, gishirin jikinta kuma yana zurarewa. Shi ya sa ba ta cika shan ruwa ba, sai yawan fitsari. In doguwar tafiyar mota ta galabaitar da ita zurarewar takan ƙaru, ɗan gishiri a ruwa kuwa yana rage mata wahalar.

Dubi kifin samon. A ƙoramun Norway da Kanada ake ƙyanƙyashe shi, ya je ya girma a teku, inda kowace lita ke da gishiri kusan giram 35. Kafin ya gangara, jikinsa yakan yi makonni yana sauyawa. A teku sai ya koma shan ruwa, fitsarinsa ya ragu, naman numfashin da ke jawo gishiri a da ya koma fitar da shi. Kifin da Allah ya halitta don wannan tafiya ma sai da shiri, balle tarwada da ba ta san teku ba.

To, auna ruwanka tukuna. Giram 2 zuwa 3 a kowace lita, wato kilo 2 zuwa 3 a tanki mai lita 1,000. Kada ka wuce haka. Nemi sikeli, kwano ba ma'auni ba ne. Ni gishirin buhu mai tsakuwa-tsakuwa kaɗai nake saye, ya ma fi na leda araha.

Narka shi a bokiti da ruwan tankin har ya zama babu ko ƙwaya a ƙasa. Raba shi kashi uku. Zuba na farko a hankali kana zagaya bakin tanki, ka bari kamar awa uku ta wuce kafin na biyu. Nan ne ake gajen haƙuri, nan kuma ake asara. Zauna ka zuba musu ido: in sun fara shawagi a sama a galabaice ko suna birkicewa, dakata da sauran, ƙara ruwa mai daɗi nan take.

Ranar kada ka ba su abinci. Bayan kwana biyu fara sauya sulusin ruwan kullum har gishirin ya fita. In sabon ruwan na famfo ne, bar shi ya kwana tukuna.