Yadda Ake Neman Gurbin Digiri na Biyu Don Nazarin Harsunan da Ke Gab da Ɓacewa

Kafin ka sayi fom ɗin kowace jami'a, fara zaɓen harshen da za ka yi aiki a kansa. Ba sai ka je nesa ba. Nijeriya na da harsuna fiye da 500, kuma a jihar Bauchi kaɗai Ajawa da Kubi da Gamo-Ningi sun riga sun mutu, masu su sun koma Hausa. Wasu, irin su Bure da ke yankin Kirfi, a bakin tsofaffi kawai suka rage. Duba shafin intanet na Glottolog, mai tattara bayanan harsunan duniya, da kundin harsunan Nijeriya na masanin harsuna Roger Blench ka ga abin da aka riga aka rubuta, don kada ka maimaita aikin wani.

Daga nan sai ka taka da ƙafarka zuwa garin. A ganina wannan ne matakin da ya fi kowanne nauyi, kuma shi ɗalibai suka fi tsallakewa. Fara gaida mai gari, ka faɗi abin da ke tafe da kai, shi zai haɗa ka da dattawan da suka iya harshen sosai. Jin Hausa zai sauƙaƙa maka, domin galibinsu suna yin ta, ba ka buƙatar tafinta. Sai dai ka lura, wani zai cusa maka kalmar Hausa yana zaton ta harshensu ce. Nemi izini ka naɗi 'yan kalmomi da tatsuniya ɗaya ko biyu. Tsarin bincike mai ɗauke da irin wannan shaida ya fi shiga ran malamai.

Batun takardu ba shi da sarƙaƙiya. Jami'o'i irin su Bayero da Maiduguri da Jos kan nemi digirin farko a kimiyyar harshe ko wani harshe, galibi aƙalla 2:2, da kiredit biyar har da Turanci, da takardar bautar ƙasa, da wasiƙun shaida daga malamanka. Takardar sakamakon jarrabawowinka kuwa, nemi ta tun da wuri, ita ce ke ɓata wa mutane lokaci. In waje kake hari, kamar makarantar SOAS ta Jami'ar Landan ko Jami'ar Hawai'i, ƙara da sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL.

Rubuta wa malamin da kake so ya duba aikinka, bayan ka karanta abin da ya wallafa. Gajeren saƙo ya isa: harshen, garin, da abin da ka riga ka tattaro.

Sauran kuɗi. Shirin ELDP na adana harsunan da ke gab da ɓacewa, wanda aka kafa a 2002 ya kuma koma Berlin a 2021, yana ba da tallafin irin wannan aiki, da sharaɗin ka ajiye abin da ka naɗa a rumbunsu na ELAR. Kafin ka nema, koyi aiki da manhajojin ELAN (ta rubuta abin da aka naɗa) da FLEx (ta tsara kalmomi da ƙamus), duka kyauta ake sauke su.