Yadda za ku haɗa zanga-zangar ƙin yaƙi a unguwarku

Jama'a, zanga-zanga fa sai da shiri. Ko wadda aka yi ranar 15 ga Fabrairu 2003 kan yaƙin Iraƙi, daga Landan har Rum, sai da aka yi watanni ana tsara ta.

Ku fara zama da mai unguwa da limamai da shugabar mata, ku tsayar da buƙata ɗaya tak, misali a rage kuɗin makamai a kasafi a zuba a asibitoci, don wallahi in buƙatun suka yi yawa kowa kama gabansa zai yi. Ku kai wa DPO, wato shugaban 'yan sandan yankinku, takardar sanarwa, ku riƙe kwafi mai sitamfi. Masu tsaron layi su sa riga kala ɗaya, su za su hana 'yan daba kutsowa. A tanadi fiya wata da kwalayen rubuta saƙonku, lambar lauya kuma kowa ya rubuta a hannunsa da biro. A watse kafin magariba.