Yadda ɗalibin bincike zai ɗebi jinin jar akuyar Maradi

Ɗalibin digiri na biyu a fannin lafiyar dabbobi da wuya ya kammala bincikensa bai ɗebi jini ba. Ga yadda ake yi.

1. Nemi izini tukuna. A ƙauyukanmu galibi mata ne masu awaki. Gaishe da mai akuyar, ka ce: "Inna, jini kaɗan zan ɗiba, mililita 5, ba zai cutar da akuyar ba."

2. Rubuta lamba a jikin kwalba, ka sa lambar a littafinka tare da shekarun akuyar da sunan ƙauyen. Kwalba marar lamba aikin banza ce.

3. Wani ya riƙe akuyar a tsaye, ya ɗaga haɓarta kaɗan. Danna gindin wuya da babban yatsa har jijiyar jini ta wuyan ta kumburo, ka goge wurin, ka soka allura tana fuskantar kan akuyar. Kowace akuya da sabuwar allurarta.

4. Idan jinin ya shiga kwalba, zare allurar, ka danne wurin da auduga.

5. Kwalba mai EDTA, wato sinadarin da ke hana jini daskarewa, juya ta ake yi a hankali; girgizawa na fasa ƙwayoyin jini. Kwalba mai murfi ja kuwa, wadda ba ta da EDTA, ajiye ta a inuwa jinin ya daskare.

6. Zafin Maradi na saurin lalata jini. Sa kwalaben cikin akwatin sanyi, kada su taɓa ƙanƙara, ka kai su ɗakin gwaji a ranar.