Guest Additions ya ƙi shiga a VirtualBox: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Ka girka Ubuntu, wani nau'in Linux, a cikin VirtualBox, manhajar da ke ba ka damar gudanar da wata kwamfuta a cikin kwamfutarka, ta tashi lafiya lau, amma allonta ya tsaya ɗan mitsitsi a tsakiyar taga, ko ka ja gefen tagar ba ya bin ta. Ka kwafi rubutu daga Windows ɗinka za ka liƙa a ciki, shiru. Foldar da ka ce a raba tsakanin kwamfutocin biyu kuma ko alamarta babu. Duk waɗannan aikin abu ɗaya ne, wato Guest Additions, tarin direbobi (manhajojin da ke sarrafa na'urori) da ƙananan manhajoji da ake sakawa a cikin baƙuwar kwamfuta, wato wadda ke cikin VirtualBox, domin ta fahimci mai masaukinta, wato kwamfutarka ta zahiri.

Abin da ya kamata ka riƙe tun farko shi ne, a Linux wannan manhaja ba ɗinkakkiyar riga ba ce da za ka ɗauka ka zura. Yadi ne, sai an auna kanel ɗin, wato zuciyar tsarin, da baƙuwar ke gudana a kansa a wannan lokacin, a ɗinka direbobin vboxguest da vboxsf da vboxvideo daidai jikinsa. In babu kayan aikin, ko awon bai dace ba, aikin zai tsaya. Galibin matsalolin daga nan suke fitowa, kuma manhajar kan faɗi abin da ya hana ta da bakinta. Mutane ne ba sa tsayawa su karanta, sai su goge baƙuwar gaba ɗaya su sake girkawa, su ƙona data a banza, su dawo su tarar da matsalar tana nan inda suka bar ta.

Tuntuɓe tun a bakin ƙofa

Da yawa suna rikita Guest Additions da Extension Pack. Ba abu ɗaya ba ne. Extension Pack a kan mai masauki ake saka shi, yana da lasisinsa daban, kuma aikinsa irin su haɗa kyamara ne. Ko sau goma ka girka shi, allon baƙuwarka ba zai ƙara girma ba. Shi Guest Additions a cikin baƙuwar ake gudanar da shi, tana kunne.

Akwai kuma wanda yake cikin zaman gwaji na "Try Ubuntu" bai sani ba. Duk abin da aka saka a wannan zaman yana bin iska da zarar an kashe. Ka tabbata ka girka tsarin a kan faifan baƙuwar, ka kuma cire faifan ISO na girkawa kafin ka ci gaba.

Sai babban abin da ke ruɗa sababbin shiga. Ka je Devices, ka danna "Insert Guest Additions CD image", ka zauna kana jira. Ba abin da ya faru. To ai dama wannan dannawar ba girkawa take yi ba, faifai kawai take zurawa a cikin na'urar CD ta baƙuwar. Wani lokaci tsarin yakan tambaye ka ko a gudanar da abin da ke ciki, wani lokaci ya yi gum. In ya yi gum, buɗe tagar umarni ka ɗaura faifan da kanka:

sudo mount /dev/cdrom /mnt
cd /mnt
sudo sh ./VBoxLinuxAdditions.run

A Ubuntu mai allon zane, sau da yawa faifan ya riga ya hau da kansa a ƙarƙashin /media, cikin folda mai sunanka, da suna mai farawa da VBox_GAs. Shiga can ka gudanar da umarni na ƙarshen.

Idan kuwa saƙo ya fito mai cewa "Unable to insert the virtual optical disk" tare da VERR_PDM_MEDIA_LOCKED, kada hankalinka ya tashi. Ma'anarsa akwai faifai a ciki tuni kuma baƙuwar ta riƙe shi. Sau da yawa ma shi wannan faifan da kake ƙoƙarin sakawa ne ke ciki. Duba tukuna. In wani ne daban, fitar da shi daga cikin baƙuwar, ko ka bi Devices, Optical Drives, "Remove disk from virtual drive", sannan ka sake. In baƙuwar ba ta da na'urar CD ko kaɗan, kashe ta, ka ƙara mata ɗaya a Settings, ɓangaren Storage. Wanda kuma jerin Devices ɗin ya ɓace masa ɗungurungum, wataƙila ya shiga yanayin Scaled ba da saninsa ba: Ctrl na hannun dama da C za su dawo da shi.

Ba ka da izinin shugaba

Tun fitowar VirtualBox 7.0 a watan Oktoban 2022, tagar ƙirƙirar baƙuwa tana da tsarin girka wa mutum ita ba tare da ya sa hannu ba. Abin da daɗi, sai dai ya jefa mutane da dama cikin wata matsala a Ubuntu: asusun da ya ƙirƙira, wanda sunansa na asali vboxuser, kan fito ba shi cikin masu izinin sudo, wato izinin gudanar da umarni a matsayin shugaba. Kana buga umarni sai a ce maka "is not in the sudoers file". Gyaran bai da wuya. Buga umarnin "su -" ka sa kalmar sirrin da ka bayar lokacin ƙirƙirar baƙuwar, sannan usermod -aG sudo vboxuser, ko sunan da ka zaɓa in ka canza, ka sake kunna ta. A Debian ma haka kan faru idan ka ba root, asusun shugaba, kalmar sirri lokacin girkawa, don ba ta sa ka cikin masu sudo. Ni dai a ganina gara mutum ya tsallake wannan girkawar ta kai tsaye ya yi da hannunsa, minti kaɗan ne bambancin.

Kayan harhaɗawa ba su cika ba

Nan ne aka fi faɗuwa. Manhajar za ta fara aiki, rubutu ya riƙa gudu, ta ƙare ta ce ka danna Return ka rufe taga. Mai gaggawa sai ya ɗauka an gama. Koma sama kaɗan ka karanta. In ka ga "This system is currently not set up to build kernel modules" da "Please install the gcc make perl packages from your distribution", to ba a harhaɗa komai ba. In kuma ka ga "Kernel headers not found for target kernel" tare da wata lamba, fayilolin bayanin kanel ne babu. A Ubuntu, Debian, Linux Mint da danginsu:

sudo apt update
sudo apt install build-essential dkms perl bzip2 linux-headers-$(uname -r)

A Fedora da dangin Red Hat sunayen sun bambanta: kernel-devel, kernel-headers, gcc, make, perl, bzip2 da elfutils-libelf-devel, ta hanyar dnf. Na sa bzip2 a jerin da gangan, domin wasu sababbin girke-girke, har da Ubuntu 24.04, kan zo ba shi, kuma manhajar kan tsaya tun kafin ta kwance kanta ta ce "bzip2 not found".

Yanzu ga tarkon da ke kama har waɗanda suka kwana biyu a harkar. Ka sabunta tsarin, sabon kanel ya sauka tare da fayilolin bayaninsa, amma ba ka sake kunna baƙuwar ba. Har yanzu tsohon kanel ne ke aiki, fayilolin da ke ƙasa kuma na sabon ne. Manhajar za ta nemi na tsohon ta rasa, ta ce babu, kai kuma kana rantsuwa ka saka su yanzun nan. Ku duka biyun gaskiya kuke faɗa. Buga uname -r ka ga lambar kanel mai aiki, ka kwatanta da abin da ke cikin /usr/src, ko /usr/src/kernels a Fedora. In lambobin ba su zo ɗaya ba harafi da harafi, sake kunnawa kawai ake buƙata. Saboda haka tsarin da ya fi kwanciyar hankali shi ne: sabunta, sake kunnawa, saka kayan harhaɗawa, sannan Guest Additions. A Fedora an fi cin karo da wannan, don dnf kan kawo kernel-devel na ƙarshe, ba lallai na kanel ɗin da faifan girkawa ya zo da shi ba.

Akwai wani ɗan'uwansa da ya wahalar da masu Ubuntu 22.04. Tsarin ya zo da gcc 11 (gcc ita ce manhajar harhaɗawa), amma lokacin da kanel 6.5 ya iso ta sabuntawa, da gcc 12 aka gina shi. Kayan aiki duk suna nan a ido, amma harhaɗawa ta ƙi. Allo ba zai faɗa maka dalili ba, cewa kawai zai yi ka duba /var/log/vboxadd-setup.log. Duba ɗin. A ciki za ka tarar da layi mai cewa ba a sami gcc-12 ba, sai ka buga sudo apt install gcc-12, magana ta ƙare. Wannan fayil ɗin rahoton shi ne wurin farko da ya kamata ka leƙa duk lokacin da abu ya ƙi. Kada tsawonsa ya razana ka, nemi layin farko da ya ambaci kuskure, sauran da ke biye yawanci sakamakonsa ne.

Bayan ka cike gurbin, ba sai ka sake komai daga farko ba. Umarnin sudo rcvboxadd setup zai sake harhaɗa direbobin. In ka ga "Running kernel modules will not be replaced until the system is restarted", wannan ba kuskure ba ne, cewa ake yi ka sake kunnawa.

Tsohon faifai, sabon kanel

Idan kaya sun cika, lambobi sun dace, amma rahoton ya cika da ƙorafin harhaɗawa a kan fayilolin VirtualBox ɗin kansu, to kanel ɗin ya yi wa manhajarka nisa. Kanel na Linux yana canza cikinsa a kai a kai, Oracle, kamfanin da ke da VirtualBox, kuma tana bin sa da gyara a kowace fitowa. Wanda ke riƙe da VirtualBox 6.1 da ya kwafa a filashi shekarun baya, ya ce zai ɗora Fedora ta bana, zai sha wahala. Sabunta VirtualBox a kan mai masauki, faifan Guest Additions da ke tare da shi zai sabunta, sai ka sake gudanar da shi a cikin baƙuwar. Kada ka manta da wannan mataki na ƙarshe, don sabunta mai masauki ba ya taɓa abin da ke cikin tsofaffin baƙinka.

Wata hanyar kuma ita ce ka bar faifan gaba ɗaya. Kanel na Linux yana ɗauke da vboxguest tun 4.16, da vboxsf tun 5.6, kuma rumbunan manhajoji suna da sauran: virtualbox-guest-utils da virtualbox-guest-x11 a Ubuntu, virtualbox-guest-additions a Fedora. Ga mai koyo da ba ya son ciwon kai duk sanda kanel ya canza, wannan ta wadatar. Kuskuren shi ne haɗa biyun. Zaɓi ɗaya. In za ka koma na rumbu, fara cire na faifai da sudo sh ./VBoxLinuxAdditions.run uninstall.

Secure Boot, tsaron da ke hana loda abin da ba shi da amintaccen sa hannu, ma kan shiga tsakani a baƙuwar da aka kunna wa EFI, sabon tsarin tayar da kwamfuta. An harhaɗa direbobin, amma kanel ya ƙi loda su don ba su da sa hannun da ya yarda da shi, sai ka ga "Key was rejected by service". A kwamfutar gwaji, kashe baƙuwar ka cire alamar Secure Boot a Settings, System, ya fi sauƙi a kan rajistar mabuɗi.

Ya shiga, kai ne ba ka kunna ba

Kafin ka yanke hukuncin cewa girkawar ta lalace, buga lsmod | grep vbox. In vboxguest ya fito, direban yana aiki, matsalar tana wani wuri.

Kwafi da liƙawa a kashe suke zuwa. Je Devices, Shared Clipboard, ka zaɓi Bidirectional. In ka yi haka bai yi ba a Ubuntu ko Fedora na zamani, zargi Wayland, sabon tsarin nuna allo na Linux: sai a 7.1, wanda ya fito a Satumban 2024, VirtualBox ya fara tallafa wa kwafi a kansa. Ko ka sabunta, ko ka zaɓi zaman Xorg, tsohon tsarin allon, a allon shiga idan tsarinka yana da shi har yanzu.

Foldar rabawa kuma takan bayyana a /media da sf_ a gaban sunanta, ka danna a ce ba ka da izini. Ba ta lalace ba, mallakar rukunin vboxsf ce kuma ba ka ciki. Buga sudo usermod -aG vboxsf $USER, ka fita daga asusunka ka sake shiga. Kula da wannan -a ɗin sosai. In ka bar shi ka buga -G kaɗai, za a cire ka daga duk sauran rukunonin da kake ciki, har da sudo, ka ga an tashi gyaran ƙaramin abu an ɓallo babba.

Allon da ya ƙi bin taga yawanci zaɓin Graphics Controller ne a Settings, Display. VMSVGA na Linux ne, VBoxSVGA na Windows 7 zuwa sama, VBoxVGA kuwa na tsofaffin tsare-tsare ne. Ƙara ma'ajiyar bidiyo zuwa 128 MB, ka tabbata "Auto-resize Guest Display" yana kunne a View.

Baƙuwar Windows, da masu VMware

A Windows ba a harhaɗa komai, don haka matsalar kaɗan ce. In faifan bai buɗe kansa ba, shiga This PC, buɗe na'urar CD, ka danna VBoxWindowsAdditions.exe da izinin shugaba. In an tambaye ka ko ka yarda da direban Oracle, ka amince, sannan ka sake kunnawa. Foldar rabawa tana \\VBOXSVR idan ba ta fito da harafinta ba.

Masu VMware Workstation, wata manhaja irin VirtualBox, kuma kan yi ta fama da "Install VMware Tools" da ya dushe ya ƙi dannuwa a baƙuwar Linux. Ƙyale shi. Kamfanin da kansa open-vm-tools yake ba da shawarar a yi amfani da shi, daga rumbun tsarinka. Saka shi tare da open-vm-tools-desktop, domin na biyun ne ke kawo kwafi da liƙawa da daidaita allo, kuma shi aka fi mantawa. Foldodin rabawa a can suna hawa ne a /mnt/hgfs, bayan ka kunna Shared Folders a saitin baƙuwar.