Yadda Kitse Mai Launin Ruwan Ƙasa Ke Ɗumama Jiki, Mataki-Mataki

Jariri sabon haihuwa bai iya rawar ɗari sosai ba, amma ka ɗora tafin hannunka tsakanin kafaɗunsa za ka ji ɗumi. A nan, da wuya da kewayen ƙoda, Allah ya ajiye masa wani kitse na daban. Launinsa ya samo asali ne daga yawan jijiyoyin jini da maitokondiriya, waɗannan ƙananan murahu na cikin ƙwayar halitta masu ɗauke da sinadarin ƙarfe. Manya ma suna da ragowarsa a gindin wuya, kamar yadda hotunan PET, wani nau'in hoton cikin jiki na asibiti, suka tabbatar a 2009. Ga yadda aikin ke tafiya.

Mataki na farko: fata ta ji sanyi, ta kai rahoto ƙwaƙwalwa, ita kuma ta sa jijiyoyi su zuba sinadarin noradirenalin a kan kitsen.

Na biyu: saƙon ya sa ƙwayar kitsen ta farfasa ɗigon man da ta tara, ya zama asid ɗin mai. Maitokondiriya ta karɓa ta shiga ƙonawa.

Na uku, kuma a nan nake so ka natsu. Da ƙarfin wannan ƙonawa, maitokondiriya tana tura ƙwayoyin furoton, wato ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki, zuwa bayan tantaninta na ciki, su taru kamar ruwa a bayan madatsa. A sauran sassan jiki, babbar hanyarsu ta komawa ɗaya ce: ta cikin wani ɗan inji mai juyawa da ke ƙera ATP, wato makamashin da jiki ke aiki da shi. Peter Mitchell ne ya fayyace wannan tsari, ya samu kyautar Nobel a 1978.

Na huɗu: wannan kitsen yana da ƙofa ta biyu, furotin mai suna UCP1. Lokacin da babu sanyi, ATP da danginsa ne ke riƙe ta a rufe. Da asid ɗin mai ya yawaita sai ta buɗe, furoton su kwararo ba su taɓa injin ba. Ƙarfin da ya kamata ya zama ATP sai ya fita a matsayin zafi. Madatsa na ta yoyo, murhu kuma na ƙara cin mai da iskar oksijin don ya cike giɓin. Abin da ke ƙayatar da ni shi ne, man da ake ƙonawa shi ne kuma mabuɗin ƙofar.

Na biyar: jini ya ratsa, ya kwashi ɗumin ya rarraba wa jiki.

Don Allah kada wani ya ruɗe ka da ƙwayar rage ƙiba mai suna DNP. Irin wannan yoyon take haddasawa, amma a duk jiki, kuma ba ta da abin rufewa. Ta kashe mutane da zafin jiki, har Amurka ta hana shan ta tun 1938.