Zama a Deira ga mai aiki ta intanet: shawara ga 'yan Kaduna sababbin zuwa Dubai

Mafi yawan mutanen Kaduna sun san Deira, tsohuwar unguwar kasuwanci ta Dubai, ta bakin 'yan kasuwa ne, waɗanda kan je su yi mako guda a otal kusa da Naif ko dandalin Baniyas, su sari wayoyi da turare da gwal, su dawo shagunansu a Kasuwar Sheikh Gumi. Wannan sani yana da amfani, amma bai isa ga matashin da zai zauna shekara guda yana yi wa wani kamfani na Ingila ko Amurka aiki ta kwamfuta ba, domin ɗan kasuwa wurin kwana kawai yake nema, shi kuwa mai aikin intanet ɗakinsa shi ne ofishinsa.

A fara da takardu. Bizar yawon buɗe ido ba izinin zama ba ce, kuma wanda ya wuce wa'adinta ana cin sa tarar dirhami 50 a kowace rana. Tun a watan Oktoban 2020 Dubai ta ɓullo da biza ta shekara guda ga masu yi wa kamfanonin waje aiki daga nesa, wadda ke buƙatar shaidar aikin, da inshorar lafiya, da kuɗin shiga da bai gaza dala 3,500 a wata ba. Ɗan Najeriya yana da ƙarin dalilin yin hattara, ganin cewa an dakatar da ba mu biza a 2022, ba a kuma sake buɗewa ba sai a watan Yulin 2024. Saboda haka ka karanta sharuɗɗan a shafin hukumar shige da fice da idonka, kada ka dogara da dillalin da ke cewa ya san hanya. Idan ka samu izinin zama za a ba ka katin shaida na Emirates ID, wanda sai da shi al'amarin banki da layin waya na dindindin ke tafiya daidai.

Batun ɗaki shi ne inda sababbin zuwa suka fi yin asara. A Deira za a nuna maka gado a ɗakin da mutum shida ko takwas ke kwana, ko wani lungu da aka yanka daga falo da katako, kuma kuɗinsa zai burge ka idan ka kwatanta da na cikakken gida. Ina ba ka shawara ka ƙi, ko da wanda ya kawo ka ɗan unguwarku ne daga Tudun Wada. Irin wannan haya yawanci ba ta da rajistar Ejari, wato rajistar yarjejeniyar haya da hukumar filaye ta Dubai ke yi, kuma doka ta ba mai gida damar korar wanda ya saka wasu 'yan haya ba tare da rubutaccen izininsa ba, ranar da aka kore shi kuwa tare da kai za a fitar. A 2025 hukumomi sun tsananta rushe irin waɗannan yanke-yanken ɗakuna saboda haɗarin gobara. Ko da babu maganar doka, ba ka da yadda za ka yi taron bidiyo da shugabanka alhali mutum uku na barci a bayanka, na huɗu yana soya albasa.

Cikakkiyar haya tana da nata nauyin, kuma gara ka san shi tun kana Kaduna. Ana biyan kuɗin shekara ne da cak ɗin banki masu kwanan wata na gaba, sau da yawa guda ɗaya zuwa huɗu, sannan ga kuɗin ajiya da ladan dillali, kowannensu kimanin kashi 5 cikin ɗari na kuɗin hayar. Hukumar wuta da ruwa, DEWA, tana ƙara wani kashi 5 cikin ɗari na kuɗin haya a matsayin harajin gida, a rarrabe cikin takardar kowane wata. Ka tambaya tun kafin sa hannu ko kuɗin sanyaya gini yana cikin haya, domin a Yuli da Agusta zafi kan haura digiri 40 tare da gumi mai nauyi, irin wanda zafin Maris na Kaduna bai kama ƙafarsa ba. Abin sauƙi guda shi ne dirhami a ɗaure yake da dala, kusan 3.67 kan dala ɗaya, don haka mai karɓar albashi da dala yana iya tsara kasafinsa na shekara ba tare da fargabar faɗuwar kuɗi ba.

Sai lokaci. Dubai tana gaban Kaduna da awa 3, tana gaban Landan da awa 3 ko 4 gwargwadon yanayin shekara, tana kuma gaban New York da awa 8 ko 9. Wanda kamfaninsa ke gabashin Amurka zai fara aiki wajen magariba ya tashi daga aiki bayan tsakar dare, ya yi barcinsa da hantsi, daidai lokacin da masu turin kaya da motocin sauke kwali suka cika titi. Ga kuma filin jirgin sama na Dubai da ke maƙwabtaka da Deira, inda jirage ke sauka dare da rana. Ka ziyarci ɗakin sau biyu, da safe da kuma da dare, ka zaɓi wanda tagarsa ba ta fuskantar babban titi. Kiran murya da bidiyo na WhatsApp a toshe yake a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da Dubai ke ciki, amma Zoom da Teams suna aiki, iyaye a gida kuma sai a saka musu manhajar kira ta Botim kafin ka taso.

Zirga-zirga ba ta da wuya. Da katin Nol za ka hau jirgin ƙasa na cikin gari da bas, layin ja da layin kore kuma suna haɗuwa a tashar Union, kwale-kwalen abra yana tsallakar da mutum zuwa Bur Dubai. Ci ko sha a cikin jirgin, da shigar namiji taragon mata, kowanne tarar dirhami 100 ne, tsallaka titi ba bisa ƙa'ida ba kuwa 400.

Akwai wani nauyi da ɗan Arewa zai tarar a Deira wanda Bature mai irin aikinsa bai san shi ba. Da zarar labari ya bazu cewa kana zaune a can, Alhaji zai kira daga Kawo a duba masa farashin kaya, Hajiya za ta turo hoton sarƙa a nemo mata a kasuwar gwal, wani kuma zai ce ɗansa na zuwa ya sauka wurinka kwana biyu. Zumunci ba abin yarwa ba ne, sai dai mutane da yawa ba su ɗauki zaman gaban kwamfuta a matsayin aiki ba, don haka ka ware Asabar ko Lahadi ga irin waɗannan aike-aike, ka faɗa cikin ladabi tun farko. Kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ka gani ba, musamman magani, domin tiramadol da kodin suna cikin magungunan da ake tsananta hukunci a kansu idan babu takardar likita da izini. Haka nan tara gudummawa a rukunin WhatsApp, wanda a wurinmu aikin lada ne, a can laifi ne idan babu lasisi, kamar yadda ɗaukar hoton mutum ba da yardarsa ba da zagi a rubutaccen saƙo suke kai mutum gaban alƙali.